Ga mai neman littattafai kan nakasa, 'yan daudu da ciwon da aka ji da sunan addini

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina neman littattafan da ke magana kan nakasa, da masu neman jinsinsu, da mutanen da aka ji wa ciwo da sunan addini, amma kina tsoron kada karatun ya taɓa miki imani. Na ga wasu sun yi miki "a'uzu billahi" sun wuce. Ni kam zan tsaya, domin shan inna ya shanye mini ƙafar hagu tun ina rarrafe, kuma na daɗe ina bin irin waɗannan littattafai.

Kafin in ɗauki ko wanne, abu ɗaya nake dubawa: wa ke magana a ciki? Mai abin ne da bakinsa, ko kuwa wani ne ya ɗauko shi don ya yi wa masu lafiya wa'azi da shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki duba littattafanmu na soyayya da finafinanmu, sau nawa muguwar kishiya take ƙarewa da makanta ko shanyewar ɓarin jiki, a ce alhaki ne ya kama ta? Yaro irina in ya taso yana ganin haka, dole wata rana ya tambayi kansa alhakin wa ya ɗauka tun bai iya magana ba.

Shi ya sa nake cewa ki fara da Al-Ayyam na Ɗaha Husaini, mutumin Masar, wanda kashinsa na farko ya fito a 1929. In kina da Larabci, madalla. In babu, an fassara shi zuwa Turanci. An haifi Ɗaha a 1889 a ƙauye, ciwon ido ya kama shi yana ƙarami, aka yi sakaci, daga baya aka kira wanzami ya zuba masa maganin da ya tafi da idanun gaba ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ki ji kamar a unguwarku aka yi. Akwai wurin da ba na mantawa: suna cin abinci, sai ya ga bari ya ɗauki loma da hannu biyu. 'Yan'uwansa suka fashe da dariya, uwar ta fashe da kuka, uban ya gyara masa cikin murya mai sanyi. Daga ranar ya haramta wa kansa duk abincin da ake sha da cokali, don kada ya zubar a yi masa dariya ko a ji tausayinsa. Wanda bai taɓa zama abin kallo ba zai ɗauka dariyar ce ta fi ciwo. Wallahi kukan uwar ya fi. Ni ma na fi jure yaran da ke kwaikwayon tafiyata a bayana, a kan tsohuwar da za ta tare ni a bakin masallaci ta danƙa mini naira hamsin alhali ga takardun aiki a hannuna.

Littafin ya kuma taɓo tambayarki ta uku ba tare da hayaniya ba. Ya haddace Alƙur'ani yana ɗan yaro, ya manta, uban ya gwada shi ya kasa, malamin makarantar allon kuma ya yi ta rantsuwa kan abin da ba haka ba. Ya je Azhar, ya ga girman kai da ƙyashi a wurin wasu shehunnai, ya faɗa ƙarara. Duk da haka mutumin nan ya rayu yana rubutu kan tarihin Annabi da sahabbai, har ya zama ministan ilimi a 1950.

Bayansa ki nemi The Beggars' Strike na Aminata Sow Fall 'yar Senegal, wanda ya fito da Faransanci a 1979. Wani babban jami'i ya sa aka share mabarata daga titunan birni saboda baƙi masu yawon buɗe ido. Can sai malaminsa ya ce in yana son muƙamin mataimakin shugaban ƙasa, ya yanka sa ya raba wa mabarata a wuraren da suka saba zama. Su kuwa suka ce sun shiga yajin aiki. Za ki yi dariya, sannan ki tsaya ki yi tunanin wa ke buƙatar wa a harkar sadaka. In kuma kina son ganin yadda ake ƙwatar haƙƙi, akwai Being Heumann na Judith Heumann, wadda ita ma shan inna ne ya zaunar da ita, ta jagoranci nakasassu suka mamaye wani ofishin gwamnati a San Francisco na makonni a 1977. Mu nan sai a Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, kuma har gobe ina ƙirga matakala kafin in shiga banki.

To, ga wurin da ya sa mutane suka guje wa tambayarki. Littafin da ya fi kusa da mu shi ne Allah Made Us na Rudolf Gaudio, Ba'amurken da ya zauna a Kano yana bincike kan 'yan daudu, ya fito a 2009. Littafin jami'a ne, akwai wuraren da za ki yi hamma, kuma idon baƙo ne, wani abin da ya ba shi mamaki ke kin san shi tun kina yarinya. Amma ya bar mutanen sun yi magana. Za ki ga masu tuyar kaji da sayar da abinci a tasha, da yawansu da mata da 'ya'ya, suna salla, suna azumi, wasu sun sauke farali, kuma ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba. Sai Under the Udala Trees na Chinelo Okparanta, 2015, labarin wata yarinya Inyamura a lokacin yaƙin basasa da ta kamu da son wata marainiya Bahaushiya mai suna Amina, uwarta kuma ta zaunar da ita da Baibul kullum don ta cire mata abin. Uwar ba muguwa ba ce, tsoron wuta take yi wa 'yarta, kuma wannan ne ya sa labarin ke da nauyi.

Game da imaninki: waɗannan ba littattafan fatawa ba ne. Hukunci kin san inda ake tambayarsa. Abin da za su ba ki shi ne yadda rayuwa take a cikin jikin wanda ake yi wa hukuncin, kuma ni ban ga yadda sanin wannan zai rage wa mutum salla ba. Abin da ya rage mini shi ne saurin baki.

Littattafan ciwon addini yawancinsu daga Amurka suke, daga gidajen Kiristoci masu tsanani. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Marlene Winell, ita ta yayata batun, tana da littafi mai suna Leaving the Fold. Akwai Educated na Tara Westover, 2018, wadda ba ta taɓa zama a aji ba sai da ta kai shekara 17. Ki karanta su da lura, domin da dama suna ƙarewa ne da mutum ya bar gida ko ya bar addinin kacokan, kamar babu wata hanya. Mu kuwa mun san waɗanda aka zane da sunan ruƙiyya alhali farfaɗiya ce ke damunsu, mun ji labarin mutum fiye da 300 da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, wasu da mari a ƙafa, kuma irin waɗannan mutane da yawansu ba Allah suke tuhuma ba, mutane suke tuhuma. Born on a Tuesday na Elnathan John, labarin almajiri Ɗantala a Sakkwato, ya fi kusa da wannan ƙasar tamu. Ni duk lokacin da irin wannan karatu ya cika mini ciki, Suratu Abasa nake komawa, wadda aka saukar saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya ya zama ladan a Madina.

In ke ma kina ɗauke da naki tabon, kada ki haɗa su a wata ɗaya, kuma kada ki karanta da tsakar dare ke kaɗai. In babi ya yi miki nauyi ki tsallake, ba jarrabawa ba ce. Sannan ki tuna akwai dokar 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ga kuma bakin mutane wanda ya fi ta sauri, don haka ki san wanda kike ara wa wayarki da abin da kike tattaunawa a fili. Al-Ayyam dai ki fara tambaya wajen masu sayar da littattafan Larabci a kasuwar Kurmi, ko ɗaliban sashen Larabci na jami'ar da ke kusa da ke.