Ƙananan RNA da Ciwon Zuciya

Tambaya: Likita, na ji an ba da kyautar Nobel ta 2024 saboda gano wasu ƙananan RNA da ba sa samar da furotin. Shin suna da alaƙa da kumburin zuciyar da hawan jini ya jawo wa mahaifina? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Suna da alaƙa ƙwarai, 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. RNA wani sinadari ne da ke cikin ƙwayoyin jiki. Waɗannan ƙananan kuwa, masanan da suka ci kyautar, Victor Ambros da Gary Ruvkun, ne suka gano su a 1993 a jikin wata 'yar tsutsa, ana kuma kiran su maikro-RNA. Aikinsu shi ne su manne wa saƙon da ƙwayar halitta ke aikawa domin a ƙera furotin, su rage yawan abin da za a ƙera.

Tun jariri yana ciki, wasu maikro-RNA biyu da ake kira miR-1 da miR-133 suke daidaita girman tsokar zuciya. Abin da ya fi shafar Baba kuwa shi ne miR-208: a 2007 masana a Dallas ta Amurka sun nuna cewa ɓerayen da aka cire musu shi, ko da an matsa wa zuciyarsu lamba, bangonta bai yi kauri da tabo kamar na sauran ba. Wannan sakamako, a ganina, babban abin ƙarfafa gwiwa ne.

A Jamus an ƙirƙiro maganin da ke toshe miR-132, an kuma gwada shi a kan masu raunin zuciya, sai dai bai shiga kasuwa ba. Don haka Baba ya ci gaba da shan maganin hawan jininsa kullum, a rage masa gishiri, a riƙa auna jininsa a kai a kai.