Lambun ƙofar gida irin na ƙauyen Ingila: me zan shuka a Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ganin hotunan gidajen ƙauyukan Ingila, furanni sun cika gaban gida har suna hawa katanga. Ina da ɗan fili a ƙofar gidana a Zariya. In sa a kawo mini irin nasu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ɓata kuɗinki. Yawancin furannin nan na ƙasar sanyi ne, zafin bazara daga Maris zuwa Mayu zai ƙone su ƙurmus.

Asalin lambun ma ba don ado aka yi shi ba. Talakawan ƙauye ne ke cusa kabeji da albasa da ganyen magani da fure wuri guda saboda ƙarancin fili, sai a ƙarni na 19 masu hali suka mayar da shi abin yayi. Tsarin za ki ɗauka: shuka a cunkushe, dogaye a baya, gajeru a gaba, kowace da amfaninta.

Jikin katanga ki jera lalle. Reshe ake yankowa a dasa da damina, in ana rage masa kai sai ya yi shinge mai kauri, ga ƙamshin fararen furanninsa. A gabansa ki zuba rama da yakuwa da kuɓewa. Kada ki raina su don ana miya da su! Dogon furen nan da ke tsaye a bakin ƙofofin Ingila, holihok, danginsu ne na jini. Ki leƙa furen kuɓewa da sassafe: ruwan ɗorawa ne mai haske, da jan ɗigo a can ciki, yini ɗaya yake yi ya yanƙwane, gobe wani ya buɗe. Yakuwa kuwa ko damina ta ɗauke, jan soɓorodonta na nan yana ƙawata wurin.

Bakin hanyar shiga ɗoɗɗoya ce ta dace. Na'ana'a a tukunya, don in ta sami ruwa mamaye wuri take yi. Zogale ɗaya a kusurwa ya isa.

Darbejiya ba ta ƙaramin fili ba ce, inuwarta za ta danne komai. Cin-da-zugu ma a bar shi in akwai yara, 'ya'yansa guba ne. Sannan kafin ki sa iri ko ɗaya a ƙasa, ki kewaye wurin da waya ko ƙaya, don awakin unguwa ba sa jiran zogale ya girma.