Amsa ga 'yar uwar da mijinta ya dawo gidan hayarta amma sunansa baya takarda

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce da sunanki kika kama gidan tun kafin aure, yanzu oga ya dawo kuna zaune tare wata huɗu kenan amma sunansa baya cikin agrimen, kina tsoron in kin faɗa wa lanlod ya ƙara miki kuɗi ko ya baku notis, shin ki yi shiru har lokacin sabuntawa? Wlh irin wannan ce ta same ni, shi yasa na kasa wucewa.

Dan Allah kar ki yi shiru. Ni wata bakwai na yi ina cewa ai mijina ne ba baƙo ba, wa zai hana ni zama da mijina, sai ranar da na dawo daga aiki na tarar da ambulan an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Ashe famfon kicin ne ya tona mana, mai gyara ya zo bana nan oga ya buɗe masa da kayan barci a jikinsa, ga motarsa kullum tana kwana a fakin, shi kenan magana ta kai ofishin lanlod. Takardar ta ce akwai wanda ke zaune a gidan ba da izini ba, sun bani kwana 10 in gyara. Hannuna na rawa na jawo durowa na ɗauko agrimen ɗin, shafi na shida ga shi nan ɓaro-ɓaro, baƙo in ya wuce kwana 14 sai da izinin lanlod a rubuce. Ni na sa hannu a kai. Don haka yau ɗin nan ki ɗauko naki ki nemo inda aka yi maganar baƙi da adadin mutanen da aka yarda su zauna, ki karanta a nutse.

To amma abin da na fi so ki tsaya a kai, kafin ma ki tuntuɓi lanlod, ku zauna ke da oga ku yanke a wane matsayi za'a saka shi, don hanya biyu ce kuma ba ɗaya suke ba. Ko a saka shi a matsayin ɗan haya kamar ki, ko a rubuta shi a matsayin wanda aka yarda ya zauna kawai. In ɗan haya ne, haƙƙinku ɗaya a gidan, amma ki sani galibin agrimen basa raba haya gida biyu, kowannenku ana iya binsa duka kuɗin, in shi bai biya ba ke za'a bi gaba ɗaya, in ke kika gaza shi za'a bi, haka ɓarnar da aka yi wa gida. Kuma shiga ta fi fita sauƙi, ba za ki wayi gari ki ce a cire sunan wani ba sai da yardarsa da ta lanlod. Ina da maƙwabciya da zama ya ƙi tsakaninta da mijinta, ta tattara ta bar gidan amma sunanta na nan a takarda, wata uku bai biya ba, ita aka dinga aika wa wasiƙa a gidan da ta koma, har yau in na tuna yadda ta rame a lokacin raina baya min daɗi. In kuma mazauni kawai aka rubuta shi, nauyin kuɗi yana kanki ke kaɗai, iko ma a hannunki yake, amma shi matsayinsa ba ƙarfi, in kika bar gidan ko agrimen ɗinki ya ƙare zamansa ya rataya ne a kan naki. Mu ɗan haya muka saka shi don tare muke biya kuma bana son ranar da bana nan a ce masa baya da ta cewa. Naku ya danganta da wa ke biya da yadda kuke, ba rashin yarda bane ku yi maganar a fili.

Aikin kansa ba wuya. Na tura imel, suka turo fom, oga ya cike ya haɗa da katin shaida da takardun albashi na wata uku, suka duba tarihinsa na biyan bashi da haya, cikin sati ɗaya aka gama. Ki roƙa a yi muku ƙarin shafi a manna wa tsohon agrimen, kar a rubuta sabo, don sabon agrimen shine ƙofar da ake bi a canza kuɗin haya ko a sake lissafin wa'adi daga farko. Ku uku, ke da oga da lanlod, duk ku sa hannu, ki karɓi kwafi. Maganar baki ko "ba komai ai na san shi" bata isa ba, gobe in an canza manaja ko an sayar da ginin takarda kawai za'a duba.

Difozit ɗin, wato kuɗin jingina da kika ajiye wa lanlod tun farko, a rubuta na waye. In kina da inshorar kayan ɗaki ki kira su a saka sunansa. In kuma gidan na tallafin gwamnati ne to ki hanzarta, canjin mutanen gida da kuɗin shiga dole a sanar da masu bada tallafin da wuri.

Game da tsoron da kike ji, lanlod ya fi damuwa da wanda aka ɓoye masa akan wanda aka kawo masa da takardu. In ya ƙi, ki ce ya rubuta miki dalili, ki kai wa lauya ko ofishin da ke ba 'yan haya shawara a inda kike, don doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri kuma wurare da dama tana kare zaman miji da mata. Saƙon ki yi shi gajere, ki ce kin yi aure, mijinki yana zaune tare da ke tun wata kaza, kina so a saka shi a agrimen, wane takardu ake buƙata. Ki faɗi ainihin watan da ya dawo, kar ki rage, maƙwabta da mai gadi duk sun san ranar. In kin samu amsarsu ki dawo nan ki faɗa mana abin da suka ce, sai mu duba tare kafin ku sa hannu.