Tambaya da Amsa: Motata Tana Ɗiga, Ƙafarta Kuma Tana Ƙara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, ina da tsohuwar Golf 3 wadda nakan ɗauki fasinja da kaya da ita zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi domin a samu na cefane. Tun ƙarshen damina nake tarar da jiƙa a inda ta kwana, amma da yake ƙasarmu yashi ce na kasa gane abin da yake zuba. Haka kuma idan na hau hanya mai gargada sai ƙafar gaba ta dama ta riƙa ƙwas-ƙwas, tayar wajen kuma ta cinye ta ciki. Bakaniken garinmu ya ce a canja shok guda huɗu, kuɗina kuwa ba su kai ba. Da me ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara rufin asiri. Kada ka sayi shok tukuna, domin ƙarar da ka kwatanta da yadda tayar ta cinye ba lallai ne laifin shok ba, kuma canja huɗu a tashi ɗaya ba tare da an ɗaga motar an girgiza ƙafar ba, harbi ne a duhu. Tun 1991 aka fara ƙera Golf 3 a Jamus, mafi yawan waɗanda suke yawo a hanyoyinmu sun haura shekara 25, saboda haka ba abin mamaki ba ne robobinta su bushe su fara sakin mai. Abin da ake bukata shi ne ka raba matsalar da za a iya lallaɓawa da wadda ba ta jira. Uku ne ba sa jira: yoyon man birki, da yoyon fetur, da lalacewar boljon, wato gaɓar nan mai kan ƙwallo da ta haɗa ƙafar da hannun ƙasa, ƙarfen da ya riƙe ƙafar a jikin mota.

Mu fara da ɗigar. Yashi yana shanye launi, don haka ka nemi kwali mai faɗi, ko da na taliya ne, ka warware shi ka shimfiɗa a ƙarƙashin motar da daddare bayan ta dawo aiki, ka danne gefensa da dutse, sannan ka yi masa alamar gaba da baya da wajen direba. Da safe ka jawo shi, ka dubi inda ɗigon ya faɗo, ka lakato da yatsa ka murza, ka kuma shinshina. Baƙin mai yana da santsi, launinsa daga ruwan ƙasa zuwa baƙi, kuma yakan faɗo daidai ƙasan injin. Man giya ya fi shi kauri, yana da wani wari mai hawa kai irin na ƙibiritu wanda duk wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa. Ruwan lagireto kore ne ko ja-ja idan da maganin sanyaya inji a ciki, amma da yake yawancinmu ruwan rijiya muke ɗurawa, sai ka gan shi da launin tsatsa, kuma yana bushewa ya bar shaida. Fetur kuwa warinsa ya isa shaida, kuma motar da take zubar da fetur ba a tayar da ita sai an gyara.

Man birki shi ne mai yaudara, domin kusan fari ne kamar man gyaɗa sabo, kuma sau da yawa ba ya kaiwa ƙasa ma. Ka buɗe bonet ka duba ɗan gorarsa, ka yi alama da biro daidai inda man ya tsaya, sannan ka leƙa bayan kowace taya ta ciki. Yawancin Golf 3 birkin bayansu na ganga ne, kuma idan robar da ke ciki ta saki za ka ga farantin bayan gangar ya jiƙe, ƙura ta manne masa ta yi baƙi. Daga nan ka zauna ka take birki ka riƙe na kamar rabin minti. Idan ƙafarka tana nutsewa a hankali, to akwai matsala, ko da ba ka ga ɗigo ba. Saukar man kaɗan-kaɗan cikin watanni na iya zama cinyewar birki ce kawai, amma wanda ya sauka cikin mako guda yoyo ne. Man da ya dace da ita shi ne DOT 4, ana kuma canja shi duk shekara biyu saboda yana zuƙar danshi. Ruwan omo da wasu direbobi suke ɗurawa idan ya ƙare musu a daji, wannan wasa da rayukan fasinja ne.

Idan baƙin mai ne, to da sauƙi, sai dai gano mafitarsa yana son haƙuri. Mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana tura shi baya, ƙurar hunturu ta bi ta lulluɓe ko'ina, har mutum ya ɗauka injin duka ne yake zuba. Ka sa a wanke injin bayan ya huce, a kiyaye wayoyin wuta, a bar shi ya bushe, sannan ka barbaɗa hoda ko tankaɗaɗɗiyar toka a wuraren da kake zargi, ka yi tafiyar kilomita goma ka dawo ka haska da tocila. Wurin da ya fi sama a cikin waɗanda suka jiƙe shi ne mai laifi, duk abin da ke ƙasansa gangare ne. A irin wannan injin an fi samun yoyo a gasket ɗin murfin sama, da ɗan na'urar da ke kunna fitilar baƙin mai, da notin da ake juye mai, kuma duk waɗannan gyaransu ba tsada. Wanda yake fitowa daga tsakanin inji da giya shi ne mai cin kuɗi, domin sai an sauke giya, amma ana iya lallaɓa shi muddin kana zaro geji kowace safiya. Idan kuma ruwa ne, ka duba bakin tiyo-tiyo da mahaɗar roba mai tauri da ke jikin kan injin, wadda zafi yake tsattsagawa idan ta tsufa, kuma kada ka buɗe murfin gorar ruwa injin yana da zafi.

Yanzu ƙafa. Ka sami wuri mai tauri, ka sa katako a ƙarƙashin jak don kada ya nutse, ka tare tayoyin baya da dutse, bayan ka ɗaga kuma ka tallafe motar da kututture mai ƙarfi. Bulon siminti yana fashewa ba sallama, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. Ka kama tayar da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ka girgiza. Idan tana motsi, ko dai boris ne, wato ƙarfen da taya take juyawa a kansa, ko boljon. Ka sa wani ya take birki ka sake girgizawa: idan motsin ya ɓace boris ne, idan yana nan to ka zargi boljon. Sannan ka kama ta dama da hagu ka girgiza, wani yana leƙen baya. Motsi a nan na tayarod ne, sandar da take kai umarnin sitiyari ga taya. A ganina a boljon ko tayarod, ko kuma bushin, wato robobin da ke mahaɗar hannun ƙasa, za a sami ƙwas-ƙwas ɗinka, domin su ne suke sakin taya ta karkace har ta cinye ta gefe ɗaya. Boljon da ya tsinke a kan gudu yana kwantar da taya nan take, shi ya sa na ce ba ya jira.

Shi shok gwajinsa daban ne. Motar tana kan tayoyinta, ka danna kusurwarta da ƙarfi ka saki; idan ta tashi ta tsaya, da sauransa, idan ta ci gaba da rawa sau biyu ko uku ya mutu. Ka duba jikinsa kuma, domin wanda ya jiƙe sharkaf da mai ya gama aiki, kuma tayar da mataccen shok ya ci takan yi tudu da kwari a kewaye, ba ta gefe ɗaya ba. Idan za a canja, biyu ake canjawa, dama da hagu tare. Lokacin da motar take a ɗage, ka leƙa robar shaf, wato sandar da take juya tayar gaba. Idan ta yage giris ya fantsama, yashi zai shiga, ba da daɗewa ba ka fara jin ƙas-ƙas a kwana.

Da kuɗin da ke hannunka ka fara da birki, sai boljon da tayarod, sannan a yi alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, in ba haka ba sabuwar taya ma haka za ta cinye. Idan za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka tafi da tsohon ƙarfen a hannu a gwada, kuma ko da kayan Beljiyam za ka saya, kada ka karɓi boljon da robarsa ta fashe ko wanda kansa yake lilo. Ka ce wa bakanike ya ƙarasa ɗaure notin bushin bayan an sauke motar a kan tayoyinta, domin wanda aka ɗaure tana rataye yana murɗewa ya yage da wuri. Sai maganar lodi, wadda na san ba za ta yi maka daɗi ba: abin da aka ƙera motar nan ta ɗauka wajen rabin tan ne har da kai da fasinjojinka, buhun hatsi uku da mutum shida kuwa sun wuce nan nesa.

Tambaya: Ni daga karkarar Dambatta nake. Ruwan motata yana raguwa kullum, ban ga ɗigo a ƙasa ba, amma na zaro geji na ga baƙin man ya koma kamar shayi mai madara.

Amsa: Ruwanka cikin inji yake zuba, kuma mafi yawa gasket ɗin kan inji ne ya ƙone bayan motar ta taɓa yin zafi fiye da kima. Ka kashe ta ka sa a jawo ta gareji, domin man da ya gauraya da ruwa ba ya kare ƙarfe. Idan an kwance kan injin, a gwada shi a ga ko ya lanƙwashe ko ya tsage kafin a sa sabon gasket, sannan a juye man a canja filta.