Abu uku sun isa a ce alwatika biyu daidai suke?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe kafin BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a nan Garwa. A gwajin lissafi an ce mu tabbatar alwatika biyu daidai suke. Na nuna gefe biyu sun yi daidai, kusurwa ɗaya ma haka, amma aka ba ni sifili. Malamin da ke koya mini a gida ya ce da zarar abu uku sun dace, magana ta ƙare. Jarrabawa ta matso, hankalina ya tashi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, amma sifilin nan ba zalunci ba ne. Hanyoyin kin san su: gefe uku, gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu, gefe ɗaya da kusurwoyi biyu da ke bakinsa. Kalmar "tsakaninsu" ce ta kayar da ke.

Wannan zance na "abu uku sun isa" ya ishe ni. Kowace shekara sai na tsince shi a takardun ɗalibai, kuma in ka bi sawu, daga masu karɓar kuɗin iyaye suna haddatar da yara ya fito, ko daga 'yan takardun da ake kwafa ana sayarwa a bakin makaranta. Ba su taɓa ɗaukar kamfas sun gwada ba.

Ke ki gwada yau. Ja dogon layi daga ɗigo A. Buɗe kusurwa mai digiri 30 a kan A, ki ja layi na biyu, ki auna AB santimita 10 a kansa. Buɗe kamfas santimita 6, ki kafa tsininsa a kan B, ki zagaya. Zai yanki layin farko a wuri biyu: ɗaya kusan santimita 5.3 daga A, ɗayan kusan 12. Ga alwatika biyu nan a gabanki, kowace da gefen 10, gefen 6 da kusurwar 30, amma ɗaya siririya, ɗaya shimfiɗaɗɗiya. Yanke su da almakashi ki ɗora, ba za su hau juna ba. Dalili shi ne kusurwar ba ta riƙe gefen 6 ba, yana lilo kamar ƙyauren da ba a sa wa sakata ba. Da kusurwar na tsakanin gefunan biyu ne, da gefe na uku ba shi da zaɓi.

Kusurwa uku kuwa siffa kawai suke bayarwa, ban da girma.

Inda ake ɗaga ƙafa shi ne alwatika mai kusurwar digiri 90: dogon gefen da ke fuskantar kusurwar da wani gefe ɗaya sun wadatar, domin lissafin Fitagoras zai fitar da na ukun.

Kuma kada ki rubuta "a zane an ga daidai suke". Mai duba takarda ba ya ba ido maki. Rubuta kowane daidaito da dalilinsa, ki ambaci hanyar da kika bi, ki jera haruffa yadda suka dace: in A ta hau D, B ta hau E, to ABC da DEF za ki rubuta. Zanen nan na digiri 30 kuma, kai wa malamin gidan naku ya gani.