Kiɗan fim ba tare da fim ba: sifika zan saya ko hedfon?

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya rubuto: "Salam. Ni dai tun ina yaro duk sanda aka sa fim ɗin Umar Mukhtar kiɗan nan na ciki sai ya kama min zuciya har ƙwalla ta zo min. Yanzu na sauke shi a waya amma sam bana jin abinda nake ji da. Na ɗan tara kuɗi, in sayi sifika mai bulutut ne ko hedfon?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hedfon zaka saya, mai waya, irin wanda yake rufe kunne gaba ɗaya, kuma bari in gaya maka dalili don kar mai shago ya juya ka.

Kiɗan da kake magana Maurice Jarre ne ya tsara shi, wani Bafaranshe, shi ne kuma ya yi na fim ɗin Ar-Risala na 1976, duka biyun Moustapha Akkad ne ya ba da umarni. Irin wannan kiɗan ba mutum ɗaya ne da fiyano a situdiyo ba, taron makaɗa ne da kan kai mutum tamanin ko fiye a zaure guda, masu goge ƙanana da manya, masu busa, masu ƙaho, masu ganguna, wani lokaci duk su yi ƙasa-ƙasa har sai ka riƙe numfashi kafin ka ji, sannan a hankali su taso su taso har su cika maka kai. To wannan tazarar tsakanin raɗa da tsawa ita ce take sa tsigar jiki ta tashi, ba ƙarar kanta ba. Sifikar waya ba ta iya fitar da muryar manyan gogen nan masu kauri, shiyasa kake jin abin kamar an tsame nama daga miya. Ƙananan sifikun bulutut ɗinnan kuma yawancinsu an yi su ne don bugun bes, wato sauti mai kauri, na rawa, ga fanka tana juyawa ga janareton maƙwabta, wurin da kiɗan ya yi sanyi sai ya ɓace gaba ɗaya, kai kuma ka ƙure murya, in tsawar ta zo ta fasa maka kunne.

Akwai wani abu kuma da sifika ƙwaya ɗaya take cinye maka. A zauren kiɗa ƙananan goge galibi suna zama ta hagu, manya ta dama, kuma haka ake naɗar sautin. Da hedfon zaka ji wannan ɓangare ya yi kira wancan ya amsa, wallahi ranar da ka fara jin haka zaka san cewa rabin kiɗan kake ji a da.

In ka je shago ka tafi da kiɗanka a waya ka gwada da shi, kar ka yarda a gwada maka da waƙar rawa. Ka nemi wurin da ya fi sanyi ka saurara, in kana jin tsiii a bayan sautin ko gogen yana soka maka kunne, ajiye. Wanda aka rubuta ƙarin bes ɓaro-ɓaro a kwalinsa shima ka bar shi. Ka sa shi a kai minti biyar ko goma ka ji ko yana matse ka, don wannan kiɗan na zama ne, wani faifan ya wuce awa guda. In wayarka bata da ramin hedfon akwai ɗan mahaɗi na USB-C, bashi da tsada. Sannan don Allah ka kula da kunnenka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi iyakar desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti kenan) na awa 40 a mako, in na kusa da kai yana jin abinda kake ji ka rage.

Wata 'yar'uwa daga Kano ta ce: "Ni a YouTube nake ji kuma data tana ƙarewa, ya cancanta in biya kuɗin wata na Spotify ko Apple Music?"

'Yar'uwa in kusan kullum kike ji, eh ya cancanta, saboda abu biyu: babu talla da zata faɗo miki a tsakiyar kiɗa daidai lokacin da zuciya ta fara narkewa, kuma kina iya saukewa sau ɗaya ki dinga ji ba data. Ingancin sauti da lamba ake auna shi, mafi girma ya fi kyau: minti ɗaya a inganci na 320 yana cin kusan megabait 2.4, na 128 kusan megabait 1, to faifan awa guda mai kyau bai kai megabait 150 ba, ki sauke da datar dare. Amma kar ki ƙona data akan wanda ake cewa loslas, wato sautin da ba a rage masa komai ba, in da iyafis ɗin bulutut kike ji, bulutut ɗin ai sai ya sake matse sautin kafin ya iso kunnenki. Ki duba sunan faifan kuma, wanda aka rubuta Original Score shi ne kiɗan zalla, wasu masu sunan fim ɗin tarin waƙoƙi ne kawai.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi a Sakkwato: "Da wanne zan fara? Kuma zan iya karatu da shi?"

Ƙanena ka fara da Gabriel's Oboe na Ennio Morricone, daga fim ɗin The Mission na 1986, bai kai minti uku ba. Abin busar da ake kira obo ɗin dangin algaita ne, duka biyun da ɗan kara mai baki biyu ake busa su, sai dai muryarsa ta fi laushi, kunnenka ba zai ji shi baƙo ba. Daga nan ka je ga na Schindler's List na 1993, John Williams ya rubuta, Itzhak Perlman ya ja gogen, ni dai har yau ban taɓa jinsa ina wani aiki ba, dole in ajiye komai. In kana son wanda zai girgiza ka sai na Interstellar na 2014 wanda Hans Zimmer ya gina akan katafaren ogan (abin kiɗa mai kama da fiyano da ke busa iska ta manyan bututu) na wani tsohon coci a Landan, nan ne zaka gane ko hedfon ɗinka yana ɗaukar sauti mai zurfi.

Maganar karatu kuwa, waɗannan ukun ban baka shawara ba, an rubuta su ne don su ja hankali kuma zasu ja, sai ka tsinci kanka shafi ɗaya minti ashirin. Ka gama karatun tukunna, bayan isha'i in unguwa ta yi shiru ka kashe sanarwar waya ka sa ɗaya daga farko har ƙarshe kar ka tsallake.