Alƙalamina ya tsaya, ko littattafan ƙarfafa gwiwa za su tashe shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ina rubuta gajerun labarai tun ina sakandare. Bara na fara wani dogon labari, ina isa babi na shida sai komai ya tsaya cak. In na zauna sai in rubuta layi biyu in goge, in sake, har barci ya ɗauke ni ban wuce nan ba. Wata ƙawata ta ara mini littattafan nan masu koyar da yadda ake farfaɗo da basira. Na karanta uku, ina jin daɗinsu ƙwarai, amma babin yana nan yadda na bar shi. Suna da amfani kuwa? In nemi na huɗu?

Daga wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Dakata da na huɗun tukuna.

Da yawa daga cikin littattafan nan lallashi ne zalla: ke mai baiwa ce, ki yarda da kanki, ki kori tsoro. Ban raina lallashi ba, wanda ya karaya yana buƙatarsa. Abin da nake jiye miki shi ne daɗin karatun ya sa ki ji kamar kin taɓuka wani abu a ranar, alhali ko harafi ba ki ƙara ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Waɗanda na ga suna taimako su ne masu ba mutum aikin yi. Wata marubuciya Ba'amurkiya, Julia Cameron, a littafinta na 1992, ta ce a cika shafi uku da hannu kowace safiya, duk abin da ya zo zuciya, ba gyara, ba nuna wa kowa. Tun 1973 wani malamin koyar da rubutu, Peter Elbow, ya koyar da makamancin haka: minti goma kina rubutu ba tare da ɗaga alƙalami ba, ko da "ban san me zan ce ba" za ki yi ta maimaitawa. Ki koma cikin ukun da ke hannunki, na tabbata akwai irin wannan atisaye. Kin yi ko ɗaya?

Akwai binciken da ke goyon bayan zaman kullum. A 1983 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Boice, ya raba malaman jami'a masu fama da rubutu gida uku. Wasu aka ce su bar rubutu sai in ya zama dole, wasu su yi duk lokacin da suka ji sha'awa, wasu kuma su zauna kullum a ƙayyadadden lokaci, in sun saɓa a aika kuɗinsu ga wata ƙungiya da ba sa ƙauna. Rukuni na ukun nan su suka fi yawan shafuka, kuma su suka fi samun sababbin dabaru.

Amma abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarki shi ne "layi biyu in goge". Mike Rose na Jami'ar Kalifoniya ya nazarci ɗaliban da rubutu ke cije musu, ya ga da yawansu suna gyaran jimla tun kafin tunanin ya gama fitowa, suna riƙe da ƙa'idoji masu tsauri irin su dole sakin layi na farko ya ƙayatar kafin a wuce. Ciwonki ke nan. Ki ajiye waya ko kwamfuta, domin gogewa a kansu ba ta da wuya, ki ɗauki biro da littafin rubutu. Ki tsallake farkon babin, ki rubuta wurin da kika riga kika hango a ranki, ko da a babi na tara yake. Gyara sai kin kai ƙarshe.

In kin yi haka mako biyu abin bai motsa ba, to ina zargin labarin ne da kansa. Sau da yawa marubuci kan tsaya ne don can baya ya tilasta wa jarumarsa wani mataki da bai dace da halinta ba, ko kuma bai san abin da take nema ba. Wannan babu littafin da zai gano miki, marubucinsa bai san mutanenki ba. Ki ba ƙawar nan taki labarin da baki daga farko, ki lura da inda kika fara kame-kame.

Abu ɗaya kuma ba zan ɓoye miki ba. Jerome Singer da Michael Barrios na Jami'ar Yale sun tarar da alamun damuwa da fargaba a tattare da marubutan da rubutu ya tsaya musu. In har ba rubutun kaɗai ya fita ranki ba, barcinki ya rikice, abubuwan da kike so a da duk sun daina burge ki, kuma hakan ya haura mako biyu, ki je ki ga likita kafin ki sake komawa kan babin.